Gawa a ramin yashi: ku taya ni shawara kan littafin da nike rubutawa

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina leƙowa zauren nan ina karanta muhawararku ban taɓa cewa uffan ba. Yau buƙata ce ta fiddo ni.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a nan cikin birnin Katsina. Da dare idan yara sun kwanta nikan yi rubutu a waya, har na saki littattafai biyu a WhatsApp, duka na zaman aure. Na ukun da nike kai yanzu daban ne. Labarin kisan kai ne, amma ba na bindiga da jini da 'yan daba ba. Mutum ɗaya ake kashewa a cikin mutanen da duk sun san juna, ba a nuna wa mai karatu lokacin da aka yi, sai wata dattijuwa wadda ba 'yar sanda ba ce ta bi maganganun mutane a hankali, ta sha shayi da wannan, ta kai wa wancan gaisuwa, har ta gano wanda ya aikata. Ina son littafin da uwa za ta karanta ta miƙa wa ɗiyarta ba tare da ta ce a tsallake wani shafi ba. Na rubuta babi 9, daga nan na cije.

A filin golf na sa labarin. Na san za a ce ina Bakatsiniya ina golf. Mahaifina, Allah ya jiƙanshi, ya yi shekara 22 yana ɗaukar jakar 'yan golf a Kaduna, aikin da suke kira kadi, kafin ciwon gwiwa ya matsa mashi ya dawo gida. Ban taɓa buga ƙwallon ba, amma cikinta na tashi. A ɗakinshi akwai gwangwanin madara cike da tsofaffin ƙwallaye, da wata sandar ƙarfe mai lamba 7 da wani maigidanshi ya bar mashi, da ita yake kakkaɓo mamu tsamiya. Da katin maki ya koya mani tarawa da ɗebewa: rami 18, kowane rami da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, 3 ko 4 ko 5, jimla 72 a yawancin filaye, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Yakan ce idan ka yi awa huɗu kana bin mutum da jaka a fili, ka san ko zai ci amana, domin wasa ne da ba alƙali a bayanka, kai ke faɗin laifinka da bakinka. Ya ce ya ga mai kuɗin da ba ya ƙirguwa yana ture ƙwallo da ƙafa daga gindin ƙaya yana waige-waige, bai damu da kadin da ke tsaye kusa da shi ba, don bai ɗauke shi a bakin ido ba. Maganar nan ita ce uwar littafin.

Ga yadda ya tafi. Wata Asabar cikin hunturu, hazo ya sauka, wani Alhaji ɗan kwangila mai mata biyu da 'ya'ya uku duka mata ya fita gasar ƙarshen wata da sassafe. Su huɗu ne: shi, da ƙanenshi uwa ɗaya uba ɗaya, da akantanshi, da wani tsohon abokin kasuwanci da suka taɓa shari'a kan fili suka shirya. A rami na 14 aka tarar da Alhaji kwance cikin ramin yashi, irin kwarin da ake haƙawa a filin don ya tare ƙwallo, da rauni a gefen kai. Kowa ya ce ƙwallo ce ta ɓace hanya ta same shi. Kafin Azahar an kai shi makwancinshi. Mai bincikena Hajiya ce mai abincin kulob ɗin, tsohuwar nas da ta yi ritaya, mai waina da miyar taushe ranar Asabar. Ita 'yan wasa ke ajiye wa katunansu cikin wani kwano kafin sakatare ya iso. Da ta duba katin mamacin sai ta ga an rubuta mashi 5 a rami na 14, ramin da bai rayu ya gama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne jana'izar. A littattafan Turawa gawa takan yi kwanaki a hannun likita yana dubawa. Mu kuwa awa uku ta yi yawa, an yi wanka an sallata an rufe, dangi sun ce kwana ya ƙare. Duk wanda ya ɗaga murya ya ce a bincika, shi ne marar tawakkali. To ta ina Hajiya za ta kama zaren ba tare da na yi ƙarya a kan al'adarmu ba? Ba na son tono kabari, zuciyata ba ta ɗauka.

Sai kuma golf ɗin kanshi. Ƙawata da ta karanta babi uku ta ce ta ɓace tun a shafi na biyu, wai in maida shi gidan biki ko kasuwa. Ku faɗa mani gaskiya, mai karatun Hausa zai bi ni cikin filin nan? Kuma idan akwai wanda ya san wasan a cikinku, ya duba mani maganar katin nan, ta tsaya da ƙafarta ko da gyara?

Ɗan Filin Polo

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ni dai ba zan ɓoye maki ba, da na karanta sai na ji kishi ya kama ni. Kina zaune a Katsina, garin da Sarki Dikko ya dasa wasan ƙwallon dawaki, garin Sarki Usman Nagogo da ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981 kuma har yau idan ana lissafin gwanayen polo a Najeriya da sunanshi ake farawa, garin ɗanshi Janar Hassan Usman Katsina, sannan ki tsallake duk wannan ki tafi golf? Duk abin da kike nema yana filin polo. Mutum huɗu kowane ɓangare, ga 'yan uwa da abokan hamayya a kan doki ɗaya bayan ɗaya. Ga barga, ga masu kula da dawaki da ke jin komai ba a ganinsu. A yanke majanyin sirdi rabi, mutum ya faɗo a guje, kowa ya ce ƙaddara. Ko ki ɗauki wannan: doka ce a polo kowa da hannun dama yake riƙe sanda ko da bahago ne, don haka bahagon cikin 'yan wasa ba a gane shi a fili sai a wajen cin abinci ko sa hannu a takarda. Hajiyarki mai abinci ita kaɗai za ta lura. Kuma babu Bakatsinen da za ki tsaya yi wa bayanin doki da linzami.

Golf ko sunan Hausa tsayayye bai samu ba, wasu su ce ƙwallon lambu, wasu su bar shi golf. Mutanenmu suna ganinshi wasan manyan ma'aikata ne na Abuja da Legas. Shawarata ke nan, amma alƙalami na hannunki.

Tsohon Kadi, Sabuwar Unguwa

'Yata, sannu da ƙoƙari. Jikana ne ya nuna mani rubutunki, shi ke buga mani wannan. Na yi irin aikin mahaifinki tun ina ɗan shekara 13, na yi Kano na yi Kaduna, kuma da kika ambaci gwangwanin ƙwallaye sai da na yi shiru, don nawa yana nan ƙarƙashin gado. Kada ki bar golf. Mai polo ya yi gaskiya kan darajar wasansu, amma polo gudu ne da ƙura a gaban ɗaruruwan 'yan kallo, zango ɗaya minti 7 ne. Golf tafiya ce a ƙasa ta awa huɗu, ba kowa sai ku da tsuntsaye, ana hira ana yin shiru. Labarin da kike so irin tafiyar nan yake so.

Amma akwai gyara, kuma babba ne.

Kin ce su huɗu ne. A filayenmu na nan ba mai kuɗin da ke ɗaukar jakarshi, jakar da ke da sanda har 14. Mutum huɗu na nufin kadi huɗu, kin ga mutum takwas ke nan a kan rami ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga fili zai tambaye ki ina sauran bakwai suke lokacin da aka bugi Alhaji. Hazon da kika kawo shi zai cece ki. Ranar da hazo ya yi kauri ba a ganin inda ƙwallo ke sauka, sai a tura mu gaba mu tsaya can nesa gefen hanya, mu kasa kunne mu ji faɗuwarta. Kin raba iyayen gida da yaransu ke nan. Sannan ki sa ƙwallon mutum ɗaya ta shiga daji. Doka ta ba da minti 3 a nema, da can minti 5 ne, a 2019 aka rage. Al'ada ce kowa ya taya nema, sai a watsu cikin bedi da ƙaya kowa kanshi a ƙasa. Minti ukun nan sun ishe ki.

Maganar kati kuwa, kin yi daidai da kika ɗauke shi da nauyi. A gasa ba ka rubuta makinka, musayar kati ake yi, abokin wasanka ya rubuta naka, a ƙarshe ku sa hannu ku biyu. A 1968 a gasar Masters ta Amurka, wani ɗan Ajantina, Roberto De Vicenzo, ya yi bugu 3 a rami na 17, mai rubuta mashi ya sa 4, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Huɗun nan ta zauna, ya rasa damar karawa ta raba gardama da bugu ɗaya tak. Duk kadi ya san labarin nan. Sai dai a littafinki katin ya yi ƙara da yawa. Kowa ya san wanda ke riƙe da katin wa, sakatare na dubawa zai ce wane, zo ka yi bayani, littafi ya ƙare a babi na biyu. Ki sassauta shi. Manya da yawa ba sa son riƙe fensir, kadi suke miƙa wa kati su riƙa faɗa mashi abin da zai rubuta, wani ma sai an yi rami biyu ko uku yake cikewa a tare. To 5 ɗin nan rubutun yaro ne, kuma yaron zai ji tsoron faɗin wanda ya ce ya rubuta. Nan Hajiya ke da aiki, don kadi ba ya buɗe baki gaban maigida, amma yana buɗewa gaban mai ba shi waina bashi.

Yanzu ga abin da nike so in ba ki kyauta. Filin da kike gani a talabijin, wurin da ramin yake ciyawa ce kore shar kamar darduma. A ƙasarmu ta rani ruwan da zai riƙe wannan ba ƙarami ba ne, shi ya sa filaye da yawa na Arewa ba kore suke da shi ba, birawun muke ce mashi: yashi ne mai laushi da aka cuɗa da baƙin mai don kada iska ta kwashe shi. Akwai yaro a tsaye da abin ja, yana share hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin a buga, idan an gama ya shafe sawun kowa. Ƙwallon da ta gangara kan birawun takan fito da dabbaren baƙi da warin mai. Aikin kadi na farko da an fiddo ta daga rami shi ne ya goge ta tas da tsumma kafin a ɗora ta a buga a rami na gaba. Ki riƙe wannan da kyau. Ƙwallon da aka ce ita ta taso daga nesa ta kashe Alhaji dole ta kasance fara. Idan wadda aka tsinta kusa da kanshi tana da baƙin mai, ba tashi ta yi ta zo ba. Daga ramin 13 aka ɗauke ta aka sa aljihu ba a ba yaro ya goge ba, sannan aka yar da ita a wurin. Wanda ya yi haka aljihun farin wandonshi zai nuna. Ki tambayi mai wanki.

Kuma ki tuna da ƙarangiya. Bayan damina duk gefen fili ita ce. Wanda ya rantse bai bar tsakiyar hanya ba amma safarshi cike da ƙarangiya, ya shiga daji.

Ƙwallo tana kisa, kada ki yi shakka. Nauyinta bai kai giram 46 ba, amma takan bar sanda da gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. Na ga wadda ta fasa wa yaro goshi. Rauninta zagaye ne kamar bakin kofin shayi ƙarami. Na sandar ƙarfe dogo ne, yana da baki.

Ummu Khalil, Rafindaɗi

Anti, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da na ga kin ce labarin kisa mai sanyi wanda ake shan shayi a ciki, raina ya ɓaci. Mu 'yan asalin yankin Batsari ne. Kawuna a hanyar gona aka harbe shi, aka ɗauko shi a amalanke, aka rufe shi kafin La'asar. Ba wanda ya zo ya tambayi ko da kalar babur ɗin da suka hau. Matarshi tana gidanmu yanzu da yara biyar. A jihar nan kisa ba abin nishaɗi ba ne.

Na rufe wayar na yi sallah, na dawo na sake karantawa, har da jawabin Baba Kadi. Sai na ga abin da ke cikin littafinki shi ne abin da ba mu samu ba: mutum ɗaya ya mutu, wata ta ƙi yarda a ce shi ke nan, ta bi ƙwallo ɗaya da baƙin mai har ta kai ga suna. Zan karanta. Roƙona guda biyu. Kada ki sa mamacin ya zama mugun da kowa ke murnar tafiyarshi don labari ya yi sauƙi, ki bar 'ya'yanshi su yi kuka na gaske. Kuma kada laifin ya ƙare a kan kadi ko mai gadi.

Golf kuwa ban san komai a kai ba, amma bayanin birawun ɗin nan na gane shi sarai, har warin na ji.

Magatakarda Mai Ritaya, Daura

Assalamu alaikum. Malama, na yi shekaru ina rubuta shari'a a kotu, mafi yawanta ta gado, don haka a kan jana'izar da abin da ke bayanta zan yi magana. Filin wasan na bar wa masu shi.

Ba ki bukatar tono kabari, kuma ba ki bukatar likita. Kin riga kin ba kanki nas. Ki sa a ruga a kira Hajiya lokacin da aka ga Alhaji a kwance, tunda ita ce mafi kusa da ta san aikin asibiti. Ita ta tallafi kansa, ita ta danna gyalenta a kan raunin. Hannunta ya san abin da ya taɓa, dogo ne ba zagaye ba, kamar yadda dattijo ya bayyana a sama. A lokacin ba za ta ce komai ba saboda firgici da salati, sai dare ya yi abin ya dawo mata. Shaida na biyu shi ne wanda ya yi wa gawar wanka. Namiji ne, kuma an hore shi da ya rufe abin da ya gani a jikin mamaci. Wannan dattijon zai sha wahala tsakanin amanar wanka da haƙƙin jini, kuma babi guda cur za ki samu a kansa.

Saurin jana'izarmu da kike gani cikas ne, ni gani nake ya ba ki abin da marubutan waje ke wahalar ƙirƙirowa. Suna neman dalilin da zai tara waɗanda ake zargi a gida ɗaya. Ke kuwa zaman makoki ya tara miki su kwana uku a kan tabarma ɗaya. Ga sadakar uku, ga bakwai, ga arba'in a gidajen da ke yi. Matan nan biyu suna takaba wata huɗu da kwana goma, ba inda za su, kuma ba mai tambayar dattijuwa dalilin da ya sa take yawan shiga gaishe su da kwanon abinci. Cikin gida a buɗe yake gare ta, wurin da ɗan sanda ba zai taɓa zama a saki baki a gabansa ba.

Ga kuma inda nake ganin ƙashin bayan labarin yake. Kin ce kowa ya yarda ƙwallo ce ta ɓace hanya. Ƙwallon wa? Ki sa mai kisan da kansa ya faɗi a gaban jama'a yana kuka ya ce tawa ce, ni na buga, ban gan shi ba saboda hazo. Wanda ya amsa laifi da bakinsa tun shafin farko ba mai sake zarginsa. Kuma yana da dalilin yin haka a shari'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, wanda ya kashe da gangan ba ya gadon komai daga wanda ya kashe, ba dukiya ba diyya. Wanda ya kashe bisa kuskure kuwa yana gadon dukiya, diyya ce kawai ba ya shiga cikinta. Abin da ke kansa kaffara ce, azumin wata biyu a jere, diyyar kuma danginsa na wajen uba ke haɗawa, sau da yawa ma magada su yafe. Kin ce Alhaji ba shi da ɗa namiji kuma yana da shaƙiƙi. Ke malamar lissafi ce, ki buga ki ga abin da ya rage wa ƙanen nan bayan mata da 'ya'ya sun ɗauki nasu. Tsakanin kuskure da ganganci a nan akwai gidaje da filaye.

Sai ki yi hattara da ƙarshen. Na san masu karatu za su so a ce 'ya'ya sun yafe wa baffansu a rufe littafi cikin hawaye. Kisan da aka yi ta hanyar yaudara saboda dukiya shi ne asalin abin da ake kira kisan gilla, kuma a wajen malamanmu babu afuwar magada a cikinsa, maganar ta koma hannun hukuma. Ki zauna da malamin fiƙihu ya karanta babin ƙarshe kafin ki sake shi. Aikin Hajiya ya tsaya a ranar da za a zauna rabon gado, ta sa a dakata. Abin da ya biyo baya ba nata ba ne.

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Jiya ban yi barci ba sai bayan ƙarfe biyu.

Allah ya gafarta Malam, na buga. Idan iyayen Alhaji sun rasu kuma ba wani shaƙiƙi ko shaƙiƙiya sai wannan, asalin rabon 24 ne. Mata biyu su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, kashi 3. 'Ya'ya uku su ɗauki biyu bisa uku, kashi 16. Saura 5, na ƙanen ne. Biyar cikin ashirin da huɗu, ya kusa abin da kowace ɗiya ta cikinshi za ta samu. Da na ga 5 ɗin nan ta faɗo daidai da 5 ɗin da na riga na rubuta a kati tun babi na ɗaya sai da tsigar jikina ta tashi. Ba zan sa Hajiya ta ce komai a kai ba, wanda ya lura ya lura. Abin da ban yanke ba shi ne ko ƙanen ne da gaske, ko kuwa shi ma ya yarda ƙwallonshi ce, yana ta azumin kaffara cikin zafin bazara alhali wani ne ya yar da ita a wurin. Na biyun nan ya fi kama mani zuciya, don akantan ma yana da abin ɓoyewa.

Yallaɓai na filin polo, na gode, kuma ban ƙi ba. Bahagon nan naka ya zauna mani a rai, na rubuta shi a bayan littafin darasi. Amma wannan na mahaifina ne, a filinshi zan gama shi.

Ummu Khalil, ƙanwata, Allah ya jiƙan kawu, ya raya abin da ya bari. Na koma babi na 2 na goge wurin da na sa Alhaji yana zagin ma'aikata. Na bar mashi rowarshi da son a ce ya ci wasa, amma yanzu shi ke biyan kuɗin makarantar yaron da ke share birawun, ba wanda ya sani sai Hajiya. Yaron shi ne zai tsinci ƙwallon ya ƙi sayar da ita. Kadi ba zai ɗauki laifin kowa ba a littafina, na yi maki alkawari.

Baba, ban san yadda zan gode maka ba. Mahaifina ya sha ambaton birawun, ni kuma duk zatona launin ƙasar kawai yake nufi, ban taɓa tambaya ba har ya tafi. Ɗazu na fiddo gwangwanin na juye a tabarma. Guda huɗu a ciki suna da baƙi a cikin 'yan ramukan jikinsu, na shinshina, har yanzu da ɗan saura. Ina da tambayoyi da ba za su shiga nan ba: nawa ake biyan kadi a zagaye ɗaya a zamaninku, me kuke ci kafin ku fita, a ina kuke zama kafin a kira ku, kuma wa ke zaɓar wa maigida yaronshi. Idan ka yarda, maigidana zai kawo ni Sabuwar Unguwa ranar Asabar bayan La'asar mu gaishe ka. Zan taho da sandar mai lamba 7 ka duba mani bakinta, ina so in san ko irin raunin da na rubuta a babi na 1 ita za ta iya yin shi.